Yadda ake gano matsalar lokaci a direban katin memori na Linux, a kuma gyara ta

Alamar kusan ɗaya ce kullum. Kati ya shiga, Linux ya gan shi, ƙaramin fayil ya kwafu lafiya. Sai an ɗora masa babban fayil, ko na'urar ta yi zafi, ko an tashe ta daga barci, sannan kurakurai su fara zuba. Wani lokacin ma babu kuskuren da zai fito, fayil ne kawai za a buɗe a tarar ya lalace.

Abin da ake kira matsalar lokaci a direban kati, wato manhajar da Linux ke sarrafa katin da ita, iri uku ne, kuma maganin wannan ba ya yi wa wancan. Na farko yana kan waya: kontirola, wato sashen guntun da ke magana da katin, tana karanta bit kafin ya zauna ko bayan ya wuce, abin da ake aunawa da nanodaƙiƙa. Na biyu wa'adin jira ne: kati yana bakin aikinsa, direba ya gaji ya ce ya mutu. Na uku rige-rige ne a cikin lambar direban kanta, inda abubuwa biyu suka zo a jerin da marubucinta bai yi tsammani ba. Rabin aikin shi ne ka san wanne ke gabanka. Wanda ya tsallake wannan yakan ƙare da cusa jinkiri da `mdelay()` nan da can har kuskuren ya lafa, bayan wata biyu kuma ya dawo a hannun masu amfani da na'urar.

Kayan aiki

Bod ɗin da ke da matsalar, da kebul na UART da za ka riƙa ganin saƙonnin kanel, wato zuciyar Linux, ta cikinsa. Kada ka dogara da SSH kaɗai, domin idan katin ya tsaya na'urar na iya sandarewa kafin saƙon ƙarshe ya iso gare ka.

Hanyar tayar da bod ɗin da ba ta bi ta katin da kake gwadawa: filasha, NFS, ko eMMC, wato memorin da aka manna a jikin bod. Katin da tsarin ke gudana a kansa ba ya gwaduwa yadda ya kamata.

Katuna uku ko huɗu na kamfanoni daban-daban, waɗanda babu abin da kake so a cikinsu, domin za a shafe su. A samu SDHC, wato wanda bai wuce 32GB ba, da SDXC, da aƙalla ɗaya mai alamar UHS-I.

Lambar kanel ɗinka da abin haɗa ta, a kunna `CONFIG_DEBUG_FS`, `CONFIG_DYNAMIC_DEBUG`, `CONFIG_MMC_TEST`, `CONFIG_DMA_API_DEBUG`, `CONFIG_PROVE_LOCKING` da ftrace. Sai manhajojin `fio` da `f3`.

Littafin guntun da ke kan bod ɗin, babin kontirolar SD, da sauƙaƙan takardun ƙa'ida da SD Association ke bayarwa kyauta, na sashen waya da na kontirola.

Osiloskof idan da hali. Idan babu, kada ka fasa, yawancin matakan nan ba sa buƙatarsa. Ƙananan na'urorin nazarin sigina masu arha na 24 MHz suna aiki da PulseView, amma iyakarsu matakin gaisuwa na 400 kHz, wato farkon magana tsakanin kati da kontirola. Ba za su nuna maka komai a 50 MHz ba.

1. Fara wanke katin daga zargi

Katin jabu ya yi yawa a kasuwa, irin wanda aka rubuta masa 64GB alhali abin da ke cikinsa bai kai kwata ba. Yana lalata bayanai daidai yadda direba mai matsala ke yi. Sa kowane kati a wata kwamfuta, ka gudanar da `f3write` sannan `f3read`. Wanda ya faɗi, ajiye shi gefe. Ka kuma auna wutar 3.3V a bakin ramin katin yayin da ake rubutu. Kati yana jan wuta sosai lokacin rubutu, kuma regulato mai rauni yana haifar da kuskuren da za ka rantse na lokaci ne.

2. Sa matsalar ta riƙa fitowa duk lokacin da ka so

Duba `lsblk` tukuna. A wasu bod `mmcblk0` shi ne eMMC da tsarin ke ciki, kuma umarnin nan yana shafe duk abin da ya taɓa.

```
fio --name=gwaji --filename=/dev/mmcblk1 --direct=1 \
    --rw=randwrite --bs=4k --size=1G --verify=crc32c
```

Maimaita da `--rw=write --bs=512k`, sannan da karatu zalla. `--direct=1` wajibi ne, in ba haka ba Linux zai ba ka amsa daga RAM, ka ɗauka katin ne ya amsa. Rubuta abin da ka gani a takarda: karatu ne ke faɗuwa ko rubutu, ƙanana ko manya, da sanyi ko bayan ɗumi, da wane kati. Idan matsalar ta zo ne bayan sabunta kanel, `git bisect` a kan `drivers/mmc` zai rage maka wahala ƙwarai, muddin kana da gwajin da ke fitar da ita kowane lokaci.

3. Karanta abin da kanel ke faɗa

`dmesg | grep -i mmc`. Lambobi biyu ne suka fi muhimmanci.

Kuskure -84 yana nufin bayanin ya iso amma CRC, wato lambar tantance ingancinsa, bai dace ba. Kowane umarni yana tafe da CRC7, kowane layin bayanai kuma da nasa CRC16, saboda haka -84 yana nuna waya: gaɓar karatu, ƙarfin tura sigina, ko hayaniya.

Kuskure -110 yana nufin wa'adi ya cika babu amsa. Wannan yana da fuska biyu. Idan a kan umarni ne, katin bai ji ba ko bai da wuta, tunda ƙa'ida ta ba shi bugun agogo 64 kacal ya amsa. Idan a kan bayanai ne, musamman rubutu ko shafewa, ka zargi lissafin wa'adi.

Saƙon `Timeout waiting for hardware interrupt` daban yake. Wannan agogon direban `sdhci` ne na daƙiƙa 10 ya ƙare ba tare da ƙararrawar kontirola, wato IRQ, ta iso ba. Yana zuwa da jerin rajistoci. Dubi `Int stat` da `Present`. Idan `Int stat` ba sifili ba ne, kontirola ta gama aikinta ta buga ƙararrawa amma ba a ji ba, sai ka duba yadda aka bayyana IRQ ɗin a bishiyar na'urori, wato fayil ɗin `.dts` da ke bayyana kayan bod. Idan sifili ne kuma `Present` ya nuna babu aikin da ke gudana, mai yiwuwa direban ne ya share ƙararrawar da kansa, za mu zo kan wannan.

Alama ta huɗu ita ce shiru: `fio` ya ce bayanai sun lalace, `dmesg` bai ce komai ba. CRC yana tsaron abin da ke kan waya ne kawai, tsakanin kati da kontirola. Idan ya wuce lafiya amma abin da ke RAM ba daidai ba ne, ɓarnar ta faru ne tsakanin kontirola da RAM. Tsallaka kai tsaye zuwa mataki na 8.

Daga nan duba halin da layin yake ciki:

```
cat /sys/kernel/debug/mmc1/ios
```

Kwatanta `clock` da `actual clock`. Na farko abin da aka nema ne, na biyu abin da aka samu. Idan na biyu ya fi na farko, ka riga ka kama ɓarawo ɗaya: ana zagaye lambar rabon agogo zuwa ƙasa maimakon sama. Dubi `timing spec`, `signal voltage` da `bus width` ma.

4. Rage gudu, abu ɗaya a lokaci ɗaya

Matakan gudun katin SD su ne: 400 kHz lokacin gaisuwa, 25 MHz na yau da kullum, 50 MHz mai sauri, duka a 3.3V. Sai na UHS-I da ke aiki a 1.8V: SDR50 a 100 MHz, DDR50 a 50 MHz ta gefe biyu na bugun agogo, da SDR104 a 208 MHz. A eMMC akwai 52 MHz, HS200 da HS400.

A fayil ɗin `.dts` na bod ɗinka, fara da cire `sd-uhs-sdr104`, ka gwada. Sannan sa `no-1-8-v`, ka gwada. Sannan `max-frequency = <25000000>`. A ƙarshe `bus-width = <1>`. Kowane sauyi shi kaɗai, da cikakken gwaji a tsakani. Idan kwamfuta ce da ba ta da bishiyar na'urori, `sdhci.debug_quirks2=4` a layin tayar da kanel yana hana 1.8V. Ka sani cewa wannan lambar tana maye gurbin duk alamomin da direban bod ya saka ne, ba ƙari take yi a kansu ba, saboda haka don gwaji kawai ake amfani da ita.

Idan rage gudu ya kashe kuskuren, matsalar waya ce, je mataki na 5 da na 6. Idan layi ɗaya yana aiki amma huɗu ba sa yi, duba DAT1 zuwa DAT3: saitin fil, walda, da resistocin da ke ja sama, waɗanda ƙa'ida ta ce su kasance tsakanin 10k da 100k. Idan kuskuren bai damu da gudu ba, ko ma ya ƙaru da aka rage, to wa'adi ne ko rige-rige.

Mutane da yawa suna tsayawa a nan, su bar katin a 25 MHz su ce an gyara. Ga na'urar da ke rubuta ɗan rahoto sau ɗaya a minti, wannan hukunci ne mai kyau, kuma ina goyon bayansa idan an rubuta dalili a fayil ɗin. Amma idan rige-rige ne, rage gudu ya ɓoye shi ne kawai.

5. Gaɓar karatu da gaɓar turawa

Ka tuna leburori masu jefa wa juna bulo a wurin gini. Mai cafewa dole ya rufe hannu daidai lokacin da bulon ya iso. Ya yi sauri ko ya makara, bulo ya faɗi. A 50 MHz bugu ɗaya nanodaƙiƙa 20 ne, kuma an yarda kati ya ɗauki har 14 kafin bayaninsa ya fito, saura 6 ga tsawon waya da kontirola. A 208 MHz bugun gabaɗaya bai kai nanodaƙiƙa 5 ba, sararin da bayanin ke zaune a cikinsa bai cika 3 ba, kuma wurin da sararin zai faɗo yana sauyawa daga kati zuwa kati. Shi ya sa SDR104 ba ya yiwuwa sai da daidaitawa: kontirola tana aika umarnin CMD19, kati ya dawo da sanannen tsari na bayit 64, a yi ta matsar da gaɓar karatu har a gano inda yake fitowa daidai. A eMMC CMD21 ne.

Wasu kontiroli suna yin wannan da kansu, `sdhci` yana ba su zagaye 40. Wasu kuma direba ne ke matsar da zangon jinkiri da hannu yana kiran `mmc_send_tuning()`. Idan naka irin na biyun ne, abu na farko shi ne ka fitar da taswirar sakamakon gabaɗaya, 1 ga zangon da ya ci, 0 ga wanda ya faɗi:

```
0000111111111111110000001111
```

Wannan layin ya fi duk wani hasashe amfani. Ga abin da za ka nema a cikinsa.

Direba ya zaɓi tsakiyar sarari mafi tsawo. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar zangon farko da ya ci, wato bakin rami. Yana aiki a kan tebur da safe, ya faɗi da rana. Idan zangunan suna zagaye bugu ɗaya cif, digiri 360, to sararin ƙarshen layi da na farkonsa abu ɗaya ne, a haɗe su kafin a auna tsawo. Direban guntayen Rockchip yana yin haka, ka karanta shi a `dw_mmc-rockchip.c`. Idan taswirar duk 1 ce a 208 MHz, kada ka yi murna, galibi alama ce cewa rajistar jinkirin ba ta karɓar abin da kake rubuta mata, sai ka karanta ta bayan rubutu ka tabbatar. Idan 1 da 0 sun cakuɗe babu tsari, ba a share layin CMD da DAT bayan zangon da ya faɗi ba, kuskurensa yana malalowa kan na gaba. Idan sararin siriri ne a duk katunan, matsalar bod ce.

A guntayen i.MX ana saita inda za a fara da girman taku ta `fsl,tuning-start-tap` da `fsl,tuning-step`. A Rockchip `rockchip,default-sample-phase` ne ke ba da gaɓar matakan da ba a daidaitawa.

Yanzu abin da sabon shiga ke yawan mantawa: daidaitawa tana gyara karatu ne kawai. Lokacin rubutu kati ne mai cafewa, kuma ba shi da abin matsarwa. Kontirola ce za ta fitar da bayanin a gaɓar da za ta ba shi abin da yake buƙata: a 50 MHz bit ya zauna nanodaƙiƙa 6 kafin bugu da 2 bayansa, a SDR104 kuma 1.4 da 0.8. Idan karatu lafiya amma rubutu yana ba da -84, kada ka ɓata lokaci a kan CMD19. Nemi saitin gaɓar fitarwa a littafin guntun. Direbobin da ke karɓar `clk-phase-sd-hs` da `clk-phase-uhs-sdr104` suna ɗaukar lamba biyu, ta shiga da ta fita.

Ƙarfin tura fil ma yana cikin wannan lissafi. A i.MX sai an ba da saitin `state_100mhz` da `state_200mhz` a `pinctrl-names`, domin saitin da ya isa 25 MHz ba ya ɗaga sigina da saurin da 200 MHz ke so. Ƙarfi fiye da kima kuma yana sa layin agogo ya yi rawa har kati ya ƙirga bugu ɗaya sau biyu. Resisto na 22 zuwa 33 ohm a kan CLK kusa da guntu shi ne maganin da aka saba. Idan kana da osiloskof, auna a bakin ramin kati, da gajeriyar wayar ƙasa. Idan taɓa layin da bakin awo ya sa kuskuren ya ɓace ko ya tsananta, wannan kansa shaida ce cewa a bakin iyaka kake.

Zafi yana matsar da sararin. Na'urar da za ta zauna cikin akwatin ƙarfe a rana a watan Afrilu ba daidai take da wadda ke ofis mai sanyi ba. Linux yana neman sake daidaitawa da kansa idan ya ga -84, amma sai direbanka ya mayar da ainihin -84 ɗin. Idan ya dunƙule kowane kuskure ya kira shi -5, ba za a sake daidaitawa ba. Bayan barci kuma, idan kontirola tana rasa saitinta, direba ya kira `mmc_retune_needed()` kafin ya kwanta.

6. Kunna wuta da sauya ta zuwa 1.8V

Idan kuskuren `error -110 whilst initialising SD card` ne, tun ba a kai ga bayanai ba, duba jerin kunnawa. Kati yana son wuta ta zauna, a ba shi aƙalla milidaƙiƙa 1 da bugun agogo 74 kafin umarnin farko. Regulato mai jinkirin tashi a bayyana jinkirinsa da `startup-delay-us`, ko a ƙara `post-power-on-delay-ms`. Wannan jinkiri halal ne, tunda yana da tushe a takardar kayan.

Sauyawa zuwa 1.8V tana da tsari: CMD11, kati ya ja layukansa ƙasa, a tsayar da agogo aƙalla milidaƙiƙa 5, Linux yana ba da 10, a sauya wutar `vqmmc`, wato ta layukan sigina, a kunna agogo, cikin milidaƙiƙa 1 kati ya saki layukan. Wurare biyu ake faɗuwa. Ko dai `set_ios` bai tsayar da agogon da gaske ba da aka ba shi sifili, ko `card_busy` ba ya karanta ainihin matsayin DAT0. Kuma katin da ya koma 1.8V ba ya dawowa 3.3V sai an yanke masa wuta ɗungurungum. Bod ɗin da aka haɗa wutar katinsa kai tsaye babu makunni zai tashi lafiya daga sanyi, ya ƙi tashi bayan `reboot`. A irin wannan bod, `no-1-8-v` shi ne gyaran gaskiya.

Wajen sauya gudu kuma: kashe agogon kati, rubuta lambar rabo, jira alamar cewa agogon ciki ya zauna, sannan ka kunna. Yi jiran da `readl_poll_timeout()` a kan alamar.

7. Lissafin wa'adi

Ƙa'ida ta ba kati milidaƙiƙa 100 ya fara ba da bayani a karatu, 250 a rubutu, SDXC kuma har 500. Katunan gaske suna wuce haka idan suna gyaran ɗakunansu na ciki, shi ya sa `mmc_set_data_timeout()` ke ba rubutu daƙiƙa 3. Aikin direba shi ne ya mayar da wannan zuwa lambar da kontirola ke ganewa, kuma a nan ake tafka kuskure iri uku.

Ambaliyar lamba. Daƙiƙa 3 nanodaƙiƙa 3,000,000,000 ne. Ya shiga `unsigned int` da ƙyar, bai shiga `int` ba, kuma da zarar ka ninka shi da gudun agogo ya fashe, wa'adin ya koma ɗan mitsitsi. Yi lissafin da `u64`, ka zagaye sama.

Agogon da ba shi ba. A SDHCI wa'adin shi ne bugun TMCLK, wato agogon ƙirga wa'adi, sau 2 a ƙarfin 13 zuwa 27, gwargwadon lambar da aka rubuta, daga 0 zuwa 0xE. Wasu guntaye suna faɗin gudun TMCLK ba daidai ba a rajistar bayanin kansu, wasu kuma da agogon katin suke ƙirge. Na biyun suna buƙatar `SDHCI_QUIRK_DATA_TIMEOUT_USES_SDCLK`, na farkon `SDHCI_QUIRK_BROKEN_TIMEOUT_VAL`, wanda ke sa mafi tsawo kullum. Alamar irin na biyun ita ce rubutu yana wucewa a 25 MHz, ya riƙa cin -110 a 200 MHz babu ko -84 ɗaya.

Iyakar kontirola. Ɗauki 2 a ƙarfin 27, wato 134,217,728, ka raba da 200 MHz: kimanin milidaƙiƙa 671. Iyakar abin da za ta iya jira ke nan, ko kusa da daƙiƙa 3 bai kai ba. Direba ya faɗi wannan iyaka a `max_busy_timeout`, sai Linux ya daina dogara da kontirola a dogayen ayyuka irin shafewa, ya riƙa tambayar katin da CMD13. Idan kontirolar ta yarda, `SDHCI_QUIRK2_DISABLE_HW_TIMEOUT` yana mayar da ƙirgen hannun kanel idan abin da ake nema ya wuce ƙarfinta.

8. Rige-rige a cikin direba

Wannan ne mai cin rai, kuma `printk` ba zai taimake ka ba, domin jinkirin da yake kawowa ta UART ya isa ya ɓatar da matsalar. Yi amfani da ftrace, mai bin sawun abin da ke faruwa cikin kanel:

```
cd /sys/kernel/tracing
echo 1 > events/mmc/enable
echo 1 > events/irq/enable
cat trace_pipe > /tmp/sawu.txt
```

Ƙara `trace_printk()` a farkon mai karɓar ƙararrawa, ya rubuta abin da ya karanta daga rajista. Gwaje-gwaje biyu suna rage fili da sauri. Tayar da kanel da `maxcpus=1`: idan matsalar ta tafi, kulle ne ya yi ƙaranci. Kashe DMA, wato hanyar kwasar bayanai kai tsaye tsakanin kontirola da RAM, a `sdhci` da `debug_quirks=0x60`: idan ta tafi, tana hanyar DMA.

Sannan ka zauna da lambar, ka bi waɗannan wurare ɗaya bayan ɗaya.

Share ƙararrawa. Rajistar ana share ta ne da rubuta 1 a kan bit. Ka mayar mata da abin da ka karanta kaɗai. Wanda ya rubuta `0xFFFFFFFF` ya share har da ƙararrawar da ta shigo tsakanin karatunsa da rubutunsa, sai a zauna jiran abin da ya riga ya wuce har daƙiƙa 10 su cika.

Jerin zuwa. Kada ka ɗauka ƙarewar umarni za ta riga ƙarewar bayanai isowa a kira daban. A ƙaramin karatu mai sauri sukan zo tare a kira ɗaya, kuma idan injin DMA ɗin daban yake da kontirola, ƙararrawarsa na iya riga ko ta makara. Riƙe alama ga kowanne, kada ka rufe buƙata sai duk sun cika. `dw_mmc.c` misali ne mai kyau, da `EVENT_CMD_COMPLETE`, `EVENT_XFER_COMPLETE` da `EVENT_DATA_COMPLETE`. Mafi munin sakamakon wannan kuskure shi ne karatu: kontirola ta ce ta gama karɓa daga kati, direba ya kira `dma_unmap_sg()`, alhali bayit na ƙarshe suna hanya zuwa RAM. Alamarsa lalacewa a wutsiyar tubali, babu kuskure ko ɗaya a `dmesg`.

Jerin rubutu. Jadawalin ADMA, wato jerin ayyukan da DMA zai yi, yana RAM, umarnin farawa yana rajista. `writel()` yana tabbatar da jadawalin ya sauka kafin umarnin ya fita, `writel_relaxed()` ba ya yi. Idan wani ya sauya shi don neman sauri, mayar da shi a wannan wurin.

Katin da bai gama ba. Bayan rubutu, ko umarni mai amsar R1b kamar CMD12, kati yana riƙe DAT0 a ƙasa har ya gama. Direban da ya sa `MMC_CAP_WAIT_WHILE_BUSY` ya yi alkawarin jira. Idan bai jira da gaske, umarnin gaba zai tarar da katin da ba ya saurare. Ka kuma tabbatar ba a aika CMD12 sau biyu, ɗaya daga kontirola da kanta, ɗaya daga direba.

Rufe buƙata. Da ka kira `mmc_request_done()`, sabuwar buƙata na iya shigowa nan take daga wata cibiyar sarrafawa. Kammala komai tukuna: soke agogon wa'adi, saki DMA, mayar da `host->mrq` zuwa `NULL` a ƙarƙashin kulle, saki kullen, sannan ka kira. Saƙon `Got data interrupt ... even though no data operation was in progress` yawanci daga nan yake, ko daga rufe buƙatar da ta yi kuskure ba tare da an tsayar da kontirola ba. Mai kula da cikar wa'adi shi ma ya ɗauki kullen, ya fara duba ko ƙararrawar ta riga ta iso tana jira, kada su biyun su rufe buƙata ɗaya.

9. Tabbatar da gyaran

Cire duk `trace_printk()` da sauye-sauyen gwaji, ka bar facin shi kaɗai. Gudanar da gwajin mataki na 2 da faci, sannan ka cire facin ka ga matsalar ta dawo. Idan ba ta dawo ba, ba facin ne ya gyara ta ba.

Bar `fio` ya kwana yana aiki a kan kowane kati, da `stress-ng` yana wahalar da na'urar a gefe. Ɗumama bod ɗin a hankali da injin busar da gashi, ko abin hura iska na masu gyaran waya a mafi ƙarancin zafinsa kuma daga nesa, ka sake fitar da taswirar daidaitawa ka ga ko zangon da aka zaɓa yana nan cikin sarari. Yi ta cire kati da mayarwa, har da tsakiyar rubutu. Yi ta kwantar da na'urar da tayar da ita. Yi `reboot` da kuma kashe wuta gabaɗaya, domin hanyoyinsu daban ne.

Sai `mmc_test`. Cire katin ta `/sys/bus/mmc/drivers/mmcblk/unbind`, ka ɗaura shi a `mmc_test/bind`, jerin gwaje-gwajen yana `testlist` a babban fayil ɗin katin cikin debugfs, ana rubuta lambar gwaji a `test`. Yana gwada tsawo marasa cika da adireshi marasa jeri waɗanda `fio` ba ya kaiwa, kuma shi ma yana shafe katin. Idan kana son ganin ko hanyar farfaɗowa daga kuskure tana aiki, `CONFIG_FAIL_MMC_REQUEST` yana ƙirƙiro kurakurai da gangan.

Wajen rubuta facin, sa gyaran a inda matsalar take. Abin da ya shafi bod ɗaya, kamar gaɓa ko jinkirin regulato, wurinsa `.dts`. Abin da ya shafi guntu, wurinsa direban guntun a `drivers/mmc/host`. Kada ka taɓa `drivers/mmc/core` ko `sdhci.c` saboda bod ɗinka, dubban na'urori ne ke bi ta nan. Duk jinkirin da ka ƙara, rubuta kusa da shi sashen takardar da ya fito daga ciki. A bayanin facin ka sa saƙon kuskuren yadda ya fito, matakin gudun, katunan da ka gwada, da taswirar daidaitawa kafin gyara da bayansa, sannan ka wuce da shi ta `scripts/checkpatch.pl`.